Mai Wushirya

Malbaza

Yaya Sadiƙu,

Gaisuwa mai yawa. Ina Inna da jiki? Na san kana cewa na yi watsi da ku, to ba haka ba ne. Babur ya kayar da ni a bayan wata motar siminti, haƙorana na gaba biyu suka tafi. Yanzu in zan yi dariya sai na ja mayafi, yara kuma sai tsokanata suke in ce "sassafe".

Na je wurin likitan haƙori a Ƙonni. Ya ce zai yi mini abin da suke kira gada: a kankare haƙoran da ke gefen giɓin, a sa musu hula, sababbin biyu su rataya a tsakani. Liƙewa ake yi, ba a cirewa. Ba zan zo gaban Inna da baki a wangale ba, sai an gama.

Ƙanwarka, Bushira

Illela

Zuwa ga ƙanwata Bushira,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na yi miki jaje. Ki gafarce ni da jinkirin amsa, jarrabawar lakwal, wato makarantar boko, ce ta riƙe ni.

Jikin Inna da sauƙi, mantuwar ce ta ƙaru. Ni da nake kwana gida ɗaya da ita, wani lokaci malamin allura take ɗaukata. Ke kaɗai ba ta saki ba. Sunanki ya ɓace mata, amma kullum sai ta ce, "Ina mai wushiryata?" Zuwanki na bara ma ba ta gane ki ba sai da kika yi dariya. Don haka ki faɗa wa likitan ya bar 'yar tazarar nan tsakanin sababbin haƙoran, yadda naki suke.

Ki gaida maigidanki da yara.

Yayanki, Sadiƙu

Malbaza

Yaya,

Ina gaisuwa. Takardarka ta iske an riga an liƙa. Mutumin bai taɓa ganina da haƙorana ba, ni kuma bai zo mini a rai in faɗa ba, baki a buɗe, ƙarfe a ciki. Ya jera su reras, har yana jiran yabo. Kowa ya ce sun yi kyau. Ni dai na duba madubi na ga matar wani.

Na koma na roƙe shi. Ya ce in ya ɓamɓare gadar, haƙoran da ya kankare na iya karyewa, in rasa huɗu maimakon biyu. Raina ya ɓaci, amma ban ga laifinsa ba.

Zan zo ran kasuwa. Uwa ai ba da haƙori take sanin ɗiyarta ba, ka daina tsorata ni.

Bushira

Illela

Bushira,

Ina fatan kin sauka lafiya. Bayan tafiyarki Inna ta ce baƙuwar nan tana da ladabi, ta tambayi ɗiyar wane ne. Kilishin da kika kawo ta hana kowa taɓawa. Ta ƙulle shi a gefen zane, ta ce na mai wushiryarta ne in ta zo.

Ta tambaye ni yaushe za ki zo. Na ce kina hanya.

Wassalam,
Sadiƙu