Tsayuwar Kaka Kande a Bakin Ƙofa

Harobanda, Yamai

Zuwa ga 'yata Priska,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Yohanna da jikata Farida. Allah ya tsare ku a Dakar, ya ƙara muku ƙarfi. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar gwaggonki Dabora da ke tashi jifa-jifa. Lokotoro ya ce ta rage gishiri, ita kuma ta ce ya rage surutu.

Kin san ubanki. Daga aji uku na kolej na fito, ba wanda ya riƙe mini hannu. Ni na koya wa kaina aikin katako, ni na kafa shagona, ni na ɗora kowane bulo na gidan nan, na kuma kai ki har inda kike haɗa fina-finai yau. Aikin fim ɗin sallar Nowel ɗin nan ma, da ƙafarsa Abdoulkarim mai shirin yara na tele ya zo daga Lamorde ya same ni, don ya ga 'yan tsanan da nake sassaƙawa. Ya ce a wannan karon ba zane yake so ba, mutanen shirinsa yake so a gina da hannu. Na ɗebo yumɓu a bakin gulbi, na yi musu ƙashi da waya, na gina unguwa guda a kan tebur. Aikin kuwa sai mai haƙuri. Ka motsa hannun 'yar tsana kaɗan, a ɗauki hoto, ka ƙara motsawa, a sake ɗauka. A yini sukutum da ƙyar mutum ɗaya ke ƙetare tsakar gida, ga zafin fitilu na tsattsaga musu fuska, ina bi ina shafewa da yatsa.

To ga dalilin wasiƙar. An ce gare ki za a aiko hotunan ki haɗa, kuma ba na so ki buɗe su ba shiri. Akwai wurin da tsohuwar shirin, Kaka Kande, ke ɗaukar kwanon shinkafar Nowel za ta kai wa maƙwabtanta Musulmi. Da ta iso bakin ƙofa sai ta tsaya, ta dafa ƙugu, ta waiga kamar ta manta wani abu, sannan ta fita. Priska, ban shirya haka ba. Sai da aka jera hotunan suka yi motsi na ga abin da hannuna ya yi. Mamanki ce, marigayiya Lois. Tsayuwarta ce, har da karkatar da kai. Dabora na gani ta rufe baki da gyale ta fita waje. Ni kuwa na ce ƙurar yumɓu ce ta shiga mini ido, Abdoulkarim mai ladabi ne, bai musa ba.

Sai dai ya ce lokacin da tele ta ba shi kaɗan ne, tsayuwar ta yi tsawo, yara za su gaji. Na ce masa mace mai kai abincin salla ba ta fita a guje. Ya yi dariya, ya ce ya bar hukunci ga mai haɗawa. Ke nan a hannunki take. Ban saba roƙo ba, amma ki rage wani wuri, ki bar ta ta waiga. Farida ba ta taɓa ganin kakarta tana tafiya ba. In kallon ya yi miki nauyi, ki kira Yohanna ya zauna kusa da ke.

Dabora na gaishe ku, haka kawunki Yahaya, da maƙwabciyarmu Hajiya Kadi da ta ba mu kwanon da na kwaikwaya. Ki shafa mini kan Farida.

Saura abu ɗaya, wannan kam umarni ne. Sunayen da ke wucewa a ƙarshen fim, kada a cusa ni cikin "da sauransu". Ki sa nawa shi kaɗai, da manyan baƙaƙe, ya daɗe yadda tsoho zai iya karantawa. Ki rubuta: Natanayel Yelwa, mijin Lois.

Ni ne ubanki mai ƙaunarki,
Natanayel