Matattun Labarinka Sun Ragu, Yaya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Allah Ya tsare ka a duk inda kake. Mu nan lafiya lau. Jinin Mama ya ɗan sauka tunda ta koma shan magani a kan lokaci. Baba yana fita shago kullum duk da ciwon ƙafar. Auta ta fara famfara, yanzu sai ta rufe baki take dariya.

Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan rubuta, ka san ban iya faɗin magana baki da baki ba. Kan labarin nan ne da kake aiko mana a saƙon murya, na jiragen sararin samaniya masu yaƙi da mutanen ƙarfe, wanda muke taruwa a ɗakin Mama mu saurara. Da farko ba ka da tausayi ko kaɗan. Jirgi ɗaya zai saki wuta, ka ce mutum miliyan ɗari sun tafi, ka wuce kamar ka zubar da ruwan wanki. Har Baba ya ce in ka ci gaba a haka ba za a bar wanda zai ga ƙarshen yaƙin ba. Na taɓa tambayarka wa ya ƙirga su, ka yi dariya ka ce 'yar boko ta fara.

Amma tunda aka sauya maka wurin aiki, lissafin ma ya sauya. Miliyan ta koma dubu, dubu ta koma goma. A saƙonka na ƙarshe mutum uku kawai suka mutu, kuma ka san su ciki da waje: ɗaya yana minshari, ɗaya yana ɗinke safarsa da jan zare, ɗaya matarsa na da ciki. Sannan ka ce tayarsu ce ta taka abin da aka binne a hanya. Yaya, jirgin da ke tsakanin taurari, ina ya samo taya, ina ya samo hanya?

Kai ka ce mana a gareji kake, kana gyaran motocin soja, nesa da inda ake harbi. Abokinka mai sanƙo da ya zo hutu, da Mama ta tambaye shi ya gareji, sai ya kalli ƙasa ya ce lafiya, ya nemi ƙarin ruwa alhali kofinsa a cike yake. Shi zan ba wannan takarda ya kawo maka.

Ban kunna wa kowa saƙon nan naka na ƙarshe ba. Na ce wa Mama bai gama sauka a wayata ba, kuma kullum sai ta tambaya, ni kuwa ban saba yi mata ƙarya ba. Ina tsoron jininta, amma na fi tsoron ta ji daga bakin baƙo a ƙofar gida. In zargina ba daidai ba ne, ka yi mini faɗa son ranka, zan ji daɗi. In kuma daidai ne, ka kira ta da kanka. Ba zan iya ɓoye shi ya wuce ƙarshen wata ba. Daga nan zan kunna mata, ka kuma san ta fi ni kunne.

Baba yana sa maka albarka. Gwaggo da Kawu suna gaishe ka, Auta ma haka. Allah Ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka mai jiran amsa.