Kada Ku Buga wa Salama Ƙusa

Da sunan Allah, Mai iska da teku. Ni ne Nahodha, wato shugaban jirgin ruwa, Bwanaheri ɗan Shee, mutumin tsibirin Faza. Ƙafafuna sun ƙi ɗaukata zuwa gaɓa, amma hankalina garau yake, har yanzu daga kwance nakan gane inda iska ta juya. 'Ya'yana, Lali, Shekuwe, da ke Mwanaisha, ku saurara.

Na ɗaya. Jirgina Salama naku ne ku uku, yadda shari'a ta raba. Kada a sayar da shi, kada wani ya saye rabon wani. Lali ne zai riƙe sandar tuƙi don ya fi sanin hanyar Unguja. Shekuwe, jigo da igiyoyinsa da tabarmar da ke kama iska suna wuyanka. In tabarmar ta jiƙe ka sauke ta ta sha rana, nauyinta ya taɓa karya wa kawunku jigo.

Na biyu. Kada ku buga masa ƙusa. Lali, na ji ka a bakin masallaci kana cewa, "Jirgin Baba ai kwando ne, rabinmu tuƙi, rabinmu kwarfar ruwa." Gaskiyarka, yana shan ruwa. Amma ranar da muka hau dutsen murjani a Kiwayu, jirgin Larabawa mai ƙusoshi ya tsage a gabanmu, namu ya lanƙwasa kamar faifai ya sauka lafiya. Kakanku da zaren kwakwa ya ɗinke katakonsa, ni ma haka na yi. Kuma katakon da allura ta huda ko'ina ba ya riƙe ƙusa, kar ku wahalar da kanku.

Na uku, shi ne ya sa na kira liman ya rubuta wannan. Lali da Shekuwe, tun da ƙanwarku Mwanaisha ta auri Famau kuka daina taka ƙofarta, wai mai kwarfar ruwan jirginmu bai isa ya zama surukinku ba. Ta haihu ba ku je ba. Ta aiko muku da tuwon shinkafa da kwakwa ranar Maulidi, kwanon ya koma a rufe. Abin ya ƙona min rai, kuma na gaji da shiru. Ni na ba Famau ita, ni da na gan shi tsaye cikin ruwa har ƙugu yana kwarfa ku kuna amai.

Kun ɗauka ban san igiyar kasuwa kuka yi ɗinkin bara da ita ba? Da hancina na gane. Igiyar ɗaure akuya ce, ɓawon kwakwar da aka tufka ta da shi bai jiƙu ba. Tun rasuwar mahaifiyarku babu hannun da ke tufka zaren ɗinkin jirgi a tsibirin nan sai na Mwanaisha. A gaban tsohuwa ta koya, tana kuka tana murzawa a cinya, tsohuwa na cewa, "Sake, 'yar nan, ran ubanki ne a jikin zaren."

Na huɗu. Kuna can daji kuna saran itatuwan rufi na sa an warware ɗinkin Salama kakaf. Za ku tarar da shi a gaɓa, katako bisa katako. Ku yi fushi, ban damu ba. Ɓawon kwakwar da za a ɗinke shi da shi yana binne a taɓo, a ramin bayan gidan Mwanaisha, kuma ba zai nuna ba sai gab da tasowar iskar arewa mai kai jirgi Unguja. Ba na jin zan kai lokacin. In kuna son ku ga Unguja bana, ku je ku yi mata sallama, ku gaisa da mijinta, ku tone ramin tare.

Mwanaisha, in sun zo kada ki ja musu rai. Ki shimfiɗa tabarma, ki miƙa wa Lali jaririn ya ɗauka.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku iska daga baya, Ya dawo da ku gaɓa cikakku. Ku riƙe juna. Ranar da za a tura Salama ruwa, ku sa Famau a gaban igiya, ku biyu ku ja a bayansa.