Guɗar da na yi a zauren waƙa

Goggo Laraba,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar taki? Ya Kawu da matan zumunta?

Abokiyar aikina ta kai ni sauraron wata Baturiya da ke rera tsoffin waƙoƙin cocinsu nan Doha wannan watan. Ba ganga, ba lasifika, sai muryarta da wani abu kamar garaya. Ta ja murya har tsigar jikina ta tashi. Tana tsayawa na rangaɗa guɗa yadda kika koya mini. Ashe numfashi kawai ta yi, ba ta gama ba. Kowa ya juyo. Ita kuwa ta dafa ƙirji, ta ci gaba.

Ban ji kunya ba, Goggo. Da kina wurin, da kin riga ni.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida mutanen gida.

'Yarki,
Rahila