Akokon Balarabe da Zanen Baba

Zuwa ga Yayata Zainaba, a Birniwa.

Gaisuwa mai yawa da kewa. Ina gajiya, ya nauyin jiki? Ya maigidanki Mala? Mu nan Haɗejiya lafiya lau. Ki yi haƙuri da rubutun nan, kin san ban yi nisa a allo ba.

Yaya, abin da ya faru ya fi ƙarfin bakina! Wani Balarabe ya sauka da raƙuma daga Gadamas, can ƙetaren hamada, ya kafa rumfa daidai gaban ta Baba. Ya zo da wani farin yadi wai shi akoko, faɗinsa kamar tabarma, ba sai an haɗa ƙwarya da ƙwarya ba, wato siraran layukan nan irin na saƙar Baba. Ga araha. Kuma duk matar da ta saya, sai ya ɗora mata allura kyauta. Allura fa, Yaya!

Kasuwa uku ke nan Baba bai sayar da ko zane ɗaya ba. Shekara talatin ana yi masa kirari, ana cewa sai saƙar Shu'ibu, yau matan da ya saƙa wa zanen aure su ke wuce shi suna kallon ƙasa. Ya ce in abin ya ɗore zai kwance masaƙa. Amma zanen goyonki yana kai, bai fasa ba.

Ƙanwarki,
'Yar'azumi

Yaya Zainaba,

Bayan gaisuwa da fatan kina cin abinci, ina da laifin da zan faɗa miki. Na sayi akokon. Wallahi allurar ce ta ja ni. Na ɓoye shi a ƙasan tukunya kwana biyar, sannan na kai shi bakin kogi in wanke.

Innalillahi! Ina tsoma shi sai ruwa ya yi fari fat kamar an dama ƙullu. Ashe gari aka ɗura masa don ya yi kauri. Da na ɗaga shi, ina hango masunta a ƙetare ta cikinsa, har na gane Kawu Garba a kwalekwalensa. Rariya na saya!

Na rasa yadda zan yi. In na yi shiru, Baba ya rasa rumfa. In na faɗa, ya san 'yar cikinsa ma ta gudu ta bar shi. Na dai kai masa, ina kuka. Bai zage ni ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Ya daɗe yana juya shi, sannan ya ce in tanadi ƙwarya da ruwa ran kasuwa.

Ki sa mu a addu'a.
'Yar'azumi

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Mala. Zauna kafin ki karanta.

Baba ya wanke akokon da zanen da ya saƙa a gaban jama'a, ya ɗaga su: nasa na nan da kaurinsa, akokon kuwa rariya. Aka yi ta shewa, Inna Gumsu mai daddawa ta ce ma Balaraben ya ba ta kamu biyu ta tace koko. Na ce shi ke nan, mun huta.

Ina! Kasuwa ta zagayo, matan nan suka koma wurinsa. Wai ko rariya ne, sabo ne, kuma ana samun uku da kuɗin zanen Baba ɗaya.

Shi kuwa Balaraben ko kunya. Ya tsallako, ya murza zanen Baba da yatsa, ya saye duk abin da ke rumfar. Ya ce duk abin da Baba zai saƙa nan gaba shi zai ɗauka, don a garinsu manya ne ke sa irinsa. Baba ya yarda, Yaya. Ya rufe rumfa. Masaƙa tana aiki, amma ba mu ake wa ba. Su za su sa namu, mu mu sa rariyarsu!

Abu ɗaya Baba ya hana shi, har ya ɗaga murya: zanen goyonki. Ga shi nan Kawu Garba zai kawo miki tare da busasshen kifi. Ki riƙe shi da kyau, kar ki ba kowa aro. Ni na haɗa ƙwaryoyin da hannuna, dubi yadda ɗinkin ya yi siriri.

Da allurar Balaraben na ɗinka. Kar ki gaya wa Baba.

Allah ya sauke ki lafiya.
Taki har kullum,
'Yar'azumi