Da Ƙeya Ake Bambance 'Yan Biyuna

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Alhamis, don ranar ce zan koma asibiti, kuma a gidanmu babu wanda ya rage da zan yi maganar nan da shi ba a ce na cika fitina ba.

Ni mai kitso ce, ina da ɗan shago mai kujera biyu da madubi ɗaya a bakin titi. Wata shida da suka wuce Allah ya ba ni 'yan biyu, duka maza, kamarsu ɗaya sak. Babban mai rigima ne, ko minti biyar ba ya yarda a ajiye shi. Ƙaramin kuwa inda kika ajiye shi nan za ki dawo ki same shi. Da na koma shago, babban yana goye a bayana, ƙaramin yana kwance a ɗan gadonsa jikin bango, ya juya fuska dama yana kallona ina aiki. Kitso ɗaya sai ya ci awa uku, shi kuma ko uhum. Duk wadda ta shigo sai ta yabi haƙurinsa, ni ma har daɗi nake ji.

Ƙaramin yana wata huɗu ina masa wanka hannuna ya ji abin da idona bai gani ba. Ƙeyarsa ta ɓangaren dama ta baje, kunnen ɓangaren ma ya ɗan matso gaba. Ni da nake wuni hannuna a kan mutane, kan ɗana ya karkace a gabana ban lura ba.

Na kai shi asibitin gwamnati. Likita ya shafa kan, ya ce ƙwaƙwalwa lafiya, in riƙa sauya masa kwanciya, in dawo nan gaba. Ko zama ban gama yi ba aka kira na bayana. Hankalina bai kwanta ba, na tafi asibitin kuɗi. Can suka auna kan da na'ura, suka nuna mini hotonsa ta sama, suka ce akwai wata hular roba mai kama da hular kwano da ake yi wa jariri daidai kansa, yana sanye da ita kusan dare da rana na wasu watanni, kuma gara a fara kafin ƙashin ya yi ƙwari. Kuɗin ba na wasa ba ne. Ba zan iya biya ba sai na sayar da drayar busar da gashi da kujera ɗaya, na haɗa da ɗan abin da na tara.

Tun daga nan kowa ya zama likita. Baban yara, mai gyaran lantarki ne, ya ce ai an ce ba ciwo ba ne, gashi zai rufe. Mama ta ce mu bakwai ta haifa, a nuna mata wanda kansa ya fito kamar ƙwallo. Yayata ta ce masu asibitin kuɗi 'yan kasuwa ne, ko lafiyayye ka kai musu sai sun samo abin sayar maka. Na ji duka. Amma a cikinsu babu wanda ya san kai kamar ni. Ina da wata kwastoma ta haura arba'in, duk zuwa sai ta raɗa mini in cika mata gashi a ƙeya, saboda sunan tsokanar da aka sa mata tun firamare har yau bai bar ta ba. Ita mace ce, kitso yana rufa mata asiri. Nawa namiji ne, aski za a riƙa yi masa, kuma ga ɗan'uwansa a gefe kullum ana gwada su.

An ma fara. Wata ta shigo kitso ta leƙa gadon ta ce wannan ne mai kan? Na ajiye mataji na ce ta ɗaura ɗankwalinta ta je a ƙarasa mata a gaba. Da rabin kitso ta fita, kuma ban yi nadama ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na gida. Baban nasu ya dawo daga aiki ya ɗauki ɗaya, ina kallo ya zura hannu ta ƙeya yana lalube don ya gane wanne ne. Da na yi magana sai ya yi dariya ya ce ai ta nan ya fi sauƙi.

Ranar na yanke shawara. Draya tawa ce, da gumina na saya, har na samu mai saye. Baban nasu ya ce in na sa wa yaro wannan hula shi ba zai fita da shi ba, don za a ɗauka wata lalura ce babba. Na ce ni zan fita da shi, har shago, kowa ya kalla ya ƙoshi. Mako biyu ke nan daga gaisuwa sai gaisuwa.

Ba izinin kowa nake nema ba, Anti. Abu ɗaya ne yake damuna: da na tambayi likitan kuɗin ko tabbas kan zai daidaita, ya ce ba a ba da tabbas. Ni ce na bar shi a kwance saboda ba ya kuka. In ban yi komai ba, me zan ce masa in ya girma?

Maman 'Yan Biyu

AMSA

Ƙanwata, Allah ya raya miki su. Ba zan ce kin cika fitina ba. Uwar da ta gano abu a jikin ɗanta ta ƙi a rufe mata baki ta yi daidai. Amma kada ki sayar da komai kafin Alhamis, ga dalilina.

Bari in fara da abin da kika ajiye a ƙarshe, don shi ne yake tura ki. Hannu biyu gare ki, jarirai biyu, ga shago. Irin wannan bajewar ƙeya ana yawan ganinta, musamman a 'yan biyu, wani lokaci tun daga matsin ciki take farawa. Laifin da kike ɗora wa kanki ba hula ce za ta wanke shi ba, kuma in kika bar shi ya yi miki ciniki, ko nawa aka faɗa za ki biya.

Mutanenki ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Idan kwanciya ce ta jawo, ba ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma yawancin yara kan nasu yana gyaruwa sosai idan sun fara zama da rarrafe. Likitoci ma ba bakinsu ɗaya ba kan ko hular tana ƙara wani abu a kan haka in karkacewar ba mai tsanani ba ce. Ke ma ba ki yi kuskure ba: akwai yaran da nasu ya yi yawa har ake ba da shawarar hular, kuma lokacinta yana wucewa. Abin da ba ki sani ba tukuna shi ne a wane rukuni ɗanki yake.

Saboda haka ki koma wurin likitan yara wanda ba ya sayar da hula, ki kai masa wannan taurin kan da kika nuna wa mai rabin kitso. Kada ki tashi sai ya amsa miki abu uku: ya tabbata ba ƙasusuwan kan ne suka haɗe da wuri ba? Wuyan yaron yana juyawa hagu kamar yadda yake juyawa dama, ko yana buƙatar masu gashin ƙashi? Kuma a awo, karkacewar kaɗan ce, matsakaiciya ce, ko mai tsanani?

Kafin nan, ki juya gadon yadda sai ya waiga hagu zai gan ki. Goyo ya zama karɓa-karɓa, babban ya yi kukansa kaɗan, ba abin da zai same shi. In ƙaramin yana farke ki riƙa sa shi rub da ciki kina kallonsa, barci kuwa a rigingine, ba matashin kai, kuma kada ki bar kowa ya danna masa kai da sunan gyara. Ki ɗauki hoton kan ta sama yau, ki sake bayan wata guda, in likita ya ce jiran ba zai cutar ba.

Ranar Alhamis ki je da tambayoyi, ki bar kuɗi a gida. Ki kuma tafi da babansu. Ki faɗa masa, ba cikin faɗa ba, cewa laluben ƙeyar nan ya yi miki ciwo, ya nemi wata alamar. Ina zargin tsoro ne yake sa shi dariya.

Idan awo ya nuna mai tsanani ce, likitoci biyu suka ce a sa hular, ki sa masa, ki fita da shi kanki a sama. Idan kuma aka ce kaɗan ce, ki riƙe drayarki, don da ita za ki ciyar da su biyun, kuma ki sani fasawa bayan bincike ba gazawa ba ce. In ya girma ya tambaya, ki ce masa kin gani, kin bi, kin zaɓa masa da ido buɗe.

Allah ya ba shi lafiya, ya daidaita tsakaninki da maigidanki, ya sa wa shagon albarka.