Notin da Aka Yi Don Ya Karye

Zuwa ga ƙanena Misbahu,

Assalamu alaikum. A sanar da jama'ar Gyadi-Gyadi da Tarauni cewa ni, Malam Lawan, bayan shekara ashirin ina koyar da aikin gona a kan allo, na ɗaure noti da hannuna.

Yaya jikin Inna? Ina mai ɗakina Jummai da yara? Ni lafiya lau nake a nan Turkiyya, inda muke kwas ɗin sarrafa injinan gona. Sanyin bai kai yadda ake faɗa ba, yatsuna ne dai ba su yarda ba.

An ba ni tarakta mai injin haro, irin wanda haƙoransa ke juyawa. Misbahu, sai ka gani! Wucewa ɗaya, ƙasa ta zama gari kamar an tankaɗe. Ran Talata na ci karo da dutse, na ji ƙas, haƙoran suka tsaya. Saura kwana biyu jarrabawarmu, wanda ya lalata inji kuwa gida ake mayar da shi. Na ɗauko littafin injin, na yi awa guda ina karanta babin giya, ta inji nake nufi, ka yi wa Inna bayani. Can na tuna maganarka a garejinka na kanikanci: “Yaya, fara duba ƙaramin noti.” Na kashe inji, na leƙa. Ashe noti ɗaya ne ya karye, kuma don ya karye aka yi shi, ya ceci giyar. Ina canzawa haƙora suka tashi. Na ci jarrabawa.

In an samu mai zuwa, a aiko min yaji. Allah ya yi wa sana'arka albarka.

Sunan nan da na sa maka, injiniyan gindin bishiya, na janye shi. Ni ne ban sani ba.

Yayanka,
Lawan